Ƙarin Girman da Aka Yi wa Yaya

Yayana ya daɗe yana magana a rediyo kafin a rufe masa baki, kuma ba da faɗa aka rufe shi ba. Wannan ne yake ci mini rai har yau.

Mu 'yan wani ƙauye ne a ƙasar Taura. Kakanninmu makiyaya ne, amma mu mun taso mun tarar da 'yan shanu kaɗan da gonar gero. Yaya ne babba a ɗakinmu. Ƙafarsa ta hagu tana da rauni, don haka bai taɓa buga ƙwallo ba. Sai dai ya hau katangar firamare yana faɗin abin da ake yi a fili, har magidanta su jingine kekuna suna dariya. Baffa, mahaifinmu, ba ya son abin ko kaɗan. A wurinsa surutu ba sana'a ba ne.

Da Yaya ya gama karatu ya samu aikin sharhin ƙwallo a wani gidan rediyo a Dutse. Ni ma na biyo shi daga baya na kama koyarwa, na zauna a shagon gidan da yake haya. Saboda haka a gabana aka yi komai.

Ranar da ake wasa, tun daga teburin mai shayi har cikin adaidaita sahu muryarsa za ka ji. Ba ya yawan ihu. Ya san kowane ɗan wasa, da unguwarsu, da wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba. In ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga, sai ya ce a yi masa uzuri, mahaifiyarsa tana saurare. Inna ta gaya mana cewa Baffa, wanda bai san gola ba bai san alƙali ba, yakan zauna a bayan rumbu da rediyo har a tashi wasa.

Wata shekara zaɓe ya gabato, manajan gidan ya kira shi ya ce tunda jama'a suna jin maganarsa, zai haɗa da shirin siyasa. Yaya ya nemi a bar shi a ƙwallonsa. Ya ce a can ko alƙali ya yi son kai, a idon kowa yake yi. Ba a saurare shi ba.

Ya karɓa, ya kuma riƙe shirin shekara da shekaru. Duk wanda ya zo yana ba shi lokacinsa, amma ba ya yi wa kowa kirari. Masu mulki suna cewa ɗan adawa ne, 'yan adawa suna cewa an saye shi. Yakan dawo gida yana ba mu labarin zagin da ya sha, yana dariya.

Sai wata damina ruwa ya ci ƙauyuka a wajen Miga. Aka kawo sanarwa cewa an raba wa mutanen hatsi, shi ya karanta ta da bakinsa. Bayan haka ya hau babur ya je ya gani. Ya tarar da mutane a azuzuwan makaranta da awakinsu, dawa ta ruɓe a gona, ba wanda ya ga ko ƙwaya. Wata tsohuwa ta gane muryarsa, ta riƙe masa gefen riga ta ce ai shi ta ji yana cewa an ba su, to suna nan suna jira. Da ya dawo ko abinci bai taɓa ba.

A makon nan aka gayyato babban ɗan siyasar da aka damƙa wa rabon, shirin kuma kai tsaye ne. Ina ɗakin malamai muna saurare.

"Ranka ya daɗe, ni na sanar da jama'a cewa an raba hatsi. Na je na tarar ba a raba ba. Yana ina?"

Mutumin ya yi dariya ya yaba tambayar, ya shiga zancen lalacewar hanya. Yaya ya bari ya gama, ya sake tambaya. Ya koma zancen gwamnatin baya, Yaya ya sake. Malamai suka yi ta tafi. Da aka gama, mutumin ya kama hannun Yaya ya sa masa albarka, har ya kira shi ɗansa.

Ba a tuhume shi ba, ba wanda ya ɗaga masa murya. Bayan 'yan makonni aka ce an yi masa ƙarin girma, ya zama shugaban sashen adana tsofaffin shirye-shirye. Wani ɗaki ne a can bayan gini, da fanka da kantoci cike da kaset. Abokan aiki suka riƙa zuwa gida yi masa murna, dole matarsa ta ɗora tukunya. Yana zaune a tabarma yana amsa barka, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

Ya je wurin manaja ya ce ya haƙura da siyasa, a mayar masa da ƙwallo kawai.

"Haba, Malam. Babban ma'aikaci kamarka ya tsaya a rana yana bin yara da baki? Ai girmanka ya wuce nan."

Haka ya ci gaba da zuwa aiki kullum, da hularsa da gogaggiyar riga, ya zauna a ɗakin nan har a tashi. Da farko in mun shiga kasuwa ana tare shi ana cewa an daina jin sa. Sannu a hankali aka daina tambaya. Waɗanda suka yi ta kiransa a waya ranar shirin suna cewa ya burge su, ba wanda ya buɗe baki, har da mu masu tafi.

Da mulki ya canza hannu ya ɗan sa rai, domin waɗanda suka hau su ne suka fi kowa yabonsa a lokacin. Ashe su ma ba su manta irin tambayarsa ba. A ɗakin nan ya yi ritaya, da hawan jini.

Bara gidan rediyon ya shirya bikin karrama tsofaffin ma'aikata. Na ce kada ya je, ya ce zai je, sai na raka shi. Babban baƙon shi ne ɗan siyasar nan, ya canza jam'iyya, ya ƙara ƙiba. Aka saka tsohuwar muryar Yaya yana kiran wani wasa, ɗaki ya ɗauki tafi. Kowane mai karɓar kyauta ana ba shi makirufo ya yi godiya. Da aka zo kan Yaya, mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. Mutumin ya rungume shi aka ɗauki hoto.

A adaidaita sahu, kan hanyar gida, ya miƙo mini allon da aka ba shi ya ce in karanta masa, bai zo da tabarau ba. An rubuta gwarzon mai sharhin wasanni. Ba kalma ɗaya a kan shirin siyasa.

Da muka wuce shatale-tale ya ce, "Ka gani, sun yafe mini."

Da muka isa gida ya ba matarsa allon ta sa a ƙarƙashin gado. Ya ce in biya kyamis in sayo masa maganinsa, na safe ya ƙare.