Jar lamba a robar yaji

Jama'a, yau saura ƙiris a dawo min da yajina gida!

Na kai roba sittin sabon kantin nan. Kowacce da lambar nan mai layi-layi da na buga a kwamfuta, ja wur, don ta dace da yajin. Mai kanti ya haska wa ɗaya na'urar karanta lamba. Shiru. Ya ɗauki wata robar. Shiru.

Ya ce, "Hajiya, abin da na'ura ba ta gani, ba ma karɓa."

Na kira ƙanwata Binta, wadda ta sa min manhajar buga lambar. Ta kwashe da dariya: "Yaya, hasken na'urar ma ja ne, ba ta ganin ja. Mayar da lambar baƙa."

Na je na sake bugawa da baƙi, na dawo na liƙa. Nan take na'urar ta karanta. Alhamdu lillahi.

Mai kanti ya ce, "Hajiya, jan nan ki bar wa barkono."