Jakar Yaya Sabi'u da ta dawo daga Masar

Shekara biyar ke nan a wannan ranin da rasuwar yayana Sabi'u. Sai da na tsaya na lissafa kafin in rubuta, domin a raina abin bai yi nisa ba, bai kuma yi kusa ba, yana nan dai tsaye wuri guda. A ƙasar Masar ya rasu, can aka binne shi. Ban ga gawarsa ba, ban san kabarinsa ba. Jakarsa ce kawai ta dawo mana.

Yaya Sabi'u malamin gona ne. Aikinsa yawo a kan babur tsakanin Kura da Bunkure, yana duba rabon ruwa a kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, yana gaya wa manoma lokacin dashen tumatir da irin takin da albasa take so. Ni kuwa koyarwa nake yi a sakandare, ina taɓa noman rani a gonar da mahaifinmu ya bar mana. Wanda bai san Yaya da aikin gona ba, ya san shi da kyamarar da ke rataye a wuyansa, wata baƙa, tsohuwa, mai cin fim, wadda ya saya gwanjo a Kano tun yana saurayi. Bai ɗauke ta sana'a ba. In aka gayyace shi biki, sai ya ce a nemo masu situdiyo, shi bai iya jera mutane ba. Ruwa yake ɗauka, da mutanen da ke aiki a bakinsa.

Ya sha ƙoƙarin koya mini. Sai ya rataya mini ita a wuya, ya tsaya a bayana. "Ka bar rana a bayan kafaɗarka," in ji shi. "Manna gwiwar hannu a haƙarƙari. Ja numfashi, riƙe shi, sannan ka danna." Ni kuwa kullum sai hannuna ya motsa. Da tsakar rana ba ya fito da ita, wai hula tana jefa inuwa a ido, kowa ya fito kamar wanda ya tashi daga jinya. Lokacinsa hantsi ne, ko bayan la'asar. Na sha ganin sa durƙushe cikin taɓo, gilashin kyamarar ya kusa taɓa ruwa, don dashen shinkafa ya fito da tsayi, sama kuma ta kwanta a kan ruwan. Fim ɗin da bai yi amfani da shi ba a gwangwani yake ajiyewa, kusa da randar Inna, mahaifiyarmu, saboda sanyi. Ba a goge masa gilashi da bakin riga. Fim guda kuma yakan kai shi wata, domin ba ya dannawa sai ya jira abin da yake jira.

Da aka zaɓe shi cikin waɗanda za su je Masar kwas na wata uku a kan ban ruwa, shirin kyamara ya fi cin lokacinsa a kan shirin tufafi. Matarsa Rabi tana ninke masa riguna, shi yana zaune a tabarma ya cire batir, ya naɗe gilashi cikin safa, ya zuba fina-finansa a farar leda wadda ake ganin cikinta. Na miƙa hannu zan sa ledar a babban akwati, ya riƙe ni.

"Wannan ba ta shiga manyan kaya. A hannuna za ta hau jirgi."

Ya ce na'urar da ke haska manyan akwatuna a filin jirgi tana ƙona fim ba tare da an buɗe shi ba, don haka zai roƙi ma'aikata su duba ledar da hannu. An kuma gargaɗe shi kada ya nuna kyamara ga soja ko gada, kada ya ɗauki mutum sai ya tambaye shi. Inna tana jin mu daga bakin ƙofa.

"Sabi'u, karatu aka tura ka ko ɗaukar hoto?"

"Duka biyun, Inna. Zan kawo miki kogin Nilu a takarda."

A wata na biyu ya kwanta zazzaɓi, aka kai shi asibiti, kwana kaɗan Allah ya yi masa cikawa. Mutum biyu daga ofishinsu suka same ni a gona da hantsi, ranar da layin ban ruwa ya zo kan gonarmu. Suka gaya mini, na yi salati. Sannan na roƙe su su ɗan jira in toshe ruwan, kada ya malale ya shiga albasar maƙwabcinmu. Na je na toshe, na wanke ƙafa, na sa takalmi, muka tafi gida. Baffanmu ya ba da izini a binne shi can. Na zauna zaman makoki, mutane suna kama hannuna, ina cewa amin. Ina ta jiran kuka ya zo, yadda ake jiran motar da aka tabbatar ta taso. Har aka watse bai zo ba.

Da kwas ya ƙare, abokin tafiyarsa Malam Ado ya kawo kayan. Ya haɗa komai cikin babban akwatin nan da kulawa, ya ɗaure da igiya. Kyamarar tana tsakiya, naɗe cikin rigar Yaya don kada ta bugu, ledar fim kuma tana gefenta. Ya ce shi da kansa ya tsaya har ya ga akwatin ya shige cikin manyan kaya, a can da kuma inda suka canza jirgi. Bai san komai game da fim ba, ba kuma wanda ya gaya masa. Na yi masa godiya, godiya ta gaskiya, na raka shi har bakin titi.

Sai bayan an girbe shinkafar damina na kai ledar wani situdiyo a Kano. Mai wankin ya wanke na farko, ya ɗaga shi a gaban fitila, ya dube ni.

"Malam, wannan ya sha haske. A manyan kaya aka sa shi?"

"E."

"To, bari mu wanke sauran mu ga abin da ya rage."

Abin da ya rage ba shi da yawa. Hotunan suka fito dishi-dishi, da ratsin fari a tsakiya, kamar kana leƙen abu ta cikin ruwan kanal bayan shanu sun ratsa. A wani ana ganin kan dabino, a wani rabin jaki, a wani hannun wani dattijo a kan bakin famfo. Na kawo gida. Rabi ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta tashi ta shiga ɗaki. Inna ta daɗe riƙe da wani wanda ba a ganin komai a ciki sai wani faffaɗan abu a kwance.

"Wannan ne kogin?"

"Ina jin shi ne, Inna."

"To. Shi dai ya gani da idonsa."

Ta miƙo mini, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Yanzu wayoyi masu kyamara sun shigo. Ɗalibaina suna ɗaukar junansu da tsakar rana, suna fuskantar hasken, su duba, su goge, su sake. Situdiyon da ya wanke mini fim ɗin ya koma karɓar ƙaramin katin waya. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Da farko na ɗauka tsaki zai yi, ganin yadda ake dannawa ba jira. Amma shi mutum ne mai son sabon abu, kuma ina jin da ya fi kowa murna da hoton da na'urar filin jirgi ba ta iya ƙonawa. Da a yau ya yi tafiyar, da kogin ya iso wa Inna sarai, da kuma wani ya ɗauko mana hoton kabarin. Ina yin wannan tunanin ba zafi a ƙirjina, kamar yadda nake tunanin wane iri zan shuka baɗi. Mutane suna cewa na yi haƙuri. Ban sani ba ko haƙuri ne. Na fi zaton wani abu ne ya tsaya a cikina tun a bakin gonar nan, bai kuma sake motsi ba.

A farkon ranin nan wata dattijuwa daga wani ƙauye a wajen Bunkure ta yi sallama a gidanmu. Ta gaya wa Rabi mijinta ya rasu da damina, bai taɓa shiga situdiyo ba, amma an ce mata malamin gona ya taɓa ɗaukarsa a bakin ruwa. Rabi ta fito da kwalayen da Yaya ya tara hotunansa na shekara da shekaru, ta aika aka kira ni. Muka baje su a tabarma. Ba suna a bayan ko ɗaya. Muna ɗagawa ina ganin fuskokin mutanen da na bi jana'izarsu, da kanal a wuraren da ciyawa ta cinye yanzu. Can dattijuwar ta ɗora yatsa a kan wani. Mutum ne tsaye cikin ruwa zuwa ƙwauri, shebur a kafaɗa, ya juya yana kallon gefe.

"Garba yake kallo," in ji ta. "Ɗanmu na fari. Ba ya cikin hoton, amma na san kallon. Shi kaɗai yake yi wa shi."

Ta naɗe shi a gefen mayafinta, ta yi wa Yaya addu'a mai tsawo, ta tafi.

Tun daga nan labari ya bazu, mutane suna zuwa jefi-jefi, kwalayen suna raguwa. Na tambayi Rabi ko abin yana damunta, ta ce ai dama ba don kwali ya ɗauke su ba. In aka tambaye ni abin da ya saura na Yaya Sabi'u, ba zan iya nuna wuri ɗaya ba. Yana warwatse a ɗakunan mutane daga nan har Garun Mallam, a jikin bango, a ƙasan kwalla, wajen waɗanda wasunsu ko sunansa ba su riƙe ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa a inda yake.

Juma'ar da ta wuce wani magidanci ya zo neman hoton mahaifinsa. Muka duba har aka kira la'asar, ba mu same shi ba. Ya ce zai dawo da ƙanwarsa, ta fi shi ido. Na ce masa kwalayen suna nan.