Dattijo Mai Ƙusa a Takalmi

Dusar ƙanƙarar farko ta sauka a garin Tromsø, kowa ya tuna da garejin Oddvar bakanike rana ɗaya. Gunvor na zaune a layin masu canza taya zuwa ta sanyi mai hana santsi, idonta na kan wani dattijo. Dogo ne, gashin baki kamar tsintsiya, yana shafa ƙatuwar motarsa kamar mai lallashin saniya. Da gani tsohon matuƙin jirgin ruwa ne, irin waɗanda ba a taɓa ce musu sun yi kuskure ba. Shi waifar goge gilashi ya zo saya.

"Tayar sanyi ta masu ƙananan motoci ce," yake gaya wa Oddvar. "Tawa da ƙafa huɗu take ja, ko dutse ne sai ta hau."

"Hawa kam za ta hau, Baba," in ji bakaniken. "Saukowar fa? Birki ba ruwansa da ƙafa nawa ke ja."

"Shekara arba'in ina tuƙi."

Oddvar ya sauke ido ƙasa, kan ƙafar dattijon. Gunvor ma ta kalla. Takalman dattijon ɗaure suke da ƙusoshin hana santsi, sababbi fil. Ta tabbata sai da aka sha faɗa a gida kafin ya sa su.

Dattijon ya dubi ƙafarsa, ya dubi kujerar jariri a bayan motar, da 'yar jar safa a kai. Ya yi gyaran murya, ya miƙa makulli.

"Sa mata tayar. Amma in matata ta tambaya, waifa na saya."