Lambar Asusuna a Teburin Baba Manu

Ni ɗan Ƙofar Kware ne. Kafin in lalace sana'ar POS nake yi kusa da rumfar mahauta, ina samun na abinci daidai gwargwado.

Lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya, kowa ya koma biya ta waya. Mahautan nan yawancinsu ba su da asusun banki. Baba Manu, dattijon cikinsu, sau biyu yana zuwa buɗewa ana koro shi, wai ba shi da katin shaida. Sai ya ce mini, "Ɗana, ara mini naka." Na rubuta lambata a kwali, ya jingina a teburinsa. Mai sayen nama ya tura mini, ni kuma in miƙa wa Baba kuɗi a hannu. Bai iya karatun boko ba, abin da na faɗa shi ke nan.

Da ƙananan ciniki na fara. Kuɗi su shigo, in ce ba sabis, in danne.

Ranar da ba ta barina barci ita ce ta Inna Kulu, mai tuwon sayarwa, wadda ta fi shekara ashirin tana sayen nama wurin Baba. Ta turo kuɗin cinya guda. Na ga saƙon da idona, na ce bai shigo ba.

"Wallahi na tura, Manu!"

"Kulu, da girmanki? Yaron ga ba ya ƙarya."

A gaban mutane ya ce mata macuciya. Ta kwance bakin zane ta sake biya, hawaye na zuba. Ba ta ƙara dawowa ba. Ni kuwa ina zaune ina danna waya, tir da ni.

Wani malamin makaranta da na danne wa kuɗi ne ya karɓo takardar shaidar biya daga banki, asirina ya tonu. Na sha ɗauri. A kotu ma ban ambaci ta Inna Kulu ba, kunya ta hana.

Da na fito na je na durƙusa gaban Baba, na faɗa masa komai. Ya dube ni ya ce:

"Nawa na yafe. Amma Kulu ta rasu bara, tana fushi da ni. Ita wa za ya ba haƙuri?"

Samari, in wanda bai iya karatu ba ya miƙo muku waya ya ce ku duba masa, ku faɗi abin da ke rubuce. Ni na tuba, amma har yau ba ni da amsar da zan ba Baba Manu.