Shatin Dadduma a Katakon Baturiya

Ni dai ban zo Dubai don in wanke katako ba. Wanda ya yi min hanya cewa ya yi aikin gadi ne, a cikin sanyin esi, har da yunifom. Da na sauka sai aka miƙa min takalmin roba da tiyo. To, shekaruna sun wuce na yin fushi, na karɓa.

Kamfaninmu wanke-wanke yake yi a gidajen masu hali. Mutanen nan sai su shimfiɗa katako mai tsada a tsakar gida, gefen wurin ninkaya, su bar wa rana shi. In ya yi fari-fari kamar toka sai su kira mu mu dawo da shi sabo. A garinmu katakon da ya kai haka, murhu ake kai shi.

Aikin ba shi da wuya in ka san shi. Za ka fara shafa ruwan soda, ya ci dattin, amma ya bar katakon ya yi baƙi kamar bayan tukunya. Sai ka bi shi da injin feshi, a hankali, kana bin tsawon katakon. In ka matsa bakin injin kusa, katakon zai yi gashi. Daga nan sai asid, shi ke dawo da kalar zuma. Iri biyu muke da shi a mota. Akwai mai sauƙi, ɗan'uwan lemon tsami, wannan na katakon da bai sha wuya ba ne. Akwai kuma farin gari da ake damawa da ruwan ɗumi, mai cin tsatsar ƙusa da baƙin soda, shi ko ƙaurinsa ka shaƙa sai ka yi tari. Dokarsa guda ce: a jiƙe ake shafa shi, kuma in ka fara daga wannan bakin ba ka tsayawa sai ka kai wancan. In ka tsaya, inda ka tsaya zai fito kamar an ja layi da alli.

A 2018 bizata ta kusa ƙarewa. Foman ɗinmu, wani Bapakistane mai jan gemu, ya riga ya faɗa min a gaban kowa cewa ƙorafi ɗaya ya sake zuwa ofis a kaina, khalas, ba za a sabunta ba. Ina da yara a makaranta a gida. Komawa ba ta cikin lissafina.

Abokin aikina wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, Malam muke ce masa. Ɗakinmu ɗaya a Sonapur, gadonsa a ƙasa nawa a sama. Mutumin kirki ne, amma Batijjane ne na gaske, in ya kama carbi ko gobara ta tashi sai ya kai ƙarshe.

Ranar aka tura mu gidan wata Baturiya, ita ta yi tafiya. Da safe muka yi soda muka wanke. Tsakar rana lokacin zafi ba a aiki a waje, muka kwanta a gindin katanga muna narkewa. Da aka koma na duba katakon, ya yi baƙi ƙirin, ga tabon tsatsa a kowace ƙusa. Na ce wannan sai farin gari. Na dama, na sa safar hannu, na fara daga can ƙarshe.

Na kai wajen rabi sai na ji kabbara a bayana. Na waiwaya, ga Malam ya shimfiɗa daddumarsa a kan katakon, daidai inda zan bi, ya tayar da la'asar.

Ban ga laifinsa duka ba. Baturiyar tana da kare, ciyawar gidan kuwa banɗakinsa ce. Wurin da Malam ya tabbatar da tsarkinsa a duk gidan shi ne katakon da ya wanke da hannunsa. Na ce a raina ai raka'a huɗu ce, zan ɗan rage hannu. Ba a gifta gaban mai salla, sai na riƙa zagawa ta bayansa ina shafawa.

Ya yi sallama. Na ce alhamdu lillahi. Sai na ga ya zura hannu a aljihu ya zaro carbi.

Na ce, "Malam, don Allah ɗan matsa. Asid ne."

Ya ɗaga min yatsa ɗaya.

"Malam, lazimin nan ai za ka iya yi a mota."

Ya yi gyaran murya, ya rufe ido.

Wani zai ce me ya hana ni janye shi da daddumar gaba ɗaya. Wanda ya faɗi haka ba a gidanmu aka rene shi ba. Ni dai hannuna ba ya iya ɗaga mai furfura daga kan dadduma, ko da kuwa bizata ce a ƙarƙashinsa. Na ɗauki ƙaramin burushi na bi gefen daddumar a hankali kamar mai yi wa amarya lalle, na wuce. Abin da nake faɗa a zuciyata lokacin, ba zan rubuta ba.

Da ya shafa fatiha ya naɗe daddumarsa, duk katakon ya zama zuma, sai wuri ɗaya baƙi, mai kusurwa huɗu, a karkace, ya yanka katakan a gicciye. Na shafa masa asid da sauri. Tsakiyar ta yi haske amma ba ta kamo sauran ba, gefen kuwa da ya sha sau biyu ya yi fari tas. Da a da tabo ne, yanzu ya zama tabo mai firam.

Malam ya tsaya ya duba ya ce, "Cale, ɗan Kano, aikinka bai yi kyau a nan ba."

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam, ka yi nesa da ni."

Foman ya zo da yamma. Bai tambayi komai ba, shi ma mai salla ne, kallo ɗaya ya gane. Ya zaro wayarsa ya ɗora a kan shatin, ya jujjuya, ya ce wa Malam, "Haji, alƙiblarka ma ba daidai ba." Malam ya ce wayar ce ba daidai ba. Suka kama musu a kan wannan, ni ina tsaye da bokiti, bizata tana bushewa a rana.

Washegari muka durƙusa da samfefa muna gogawa har gwiwata ta daina jin komai. Ya ragu, amma in rana ta karkata sai ya fito sarai.

Baturiyar ta dawo da yamma, lokacin da ya fi fitowa. Ta taka katakon ba takalmi tana murmushi, har ta iso wurin. Ta tsaya. Ta tambayi foman da Turanci mene ne wannan. Foman ya fara kame-kame, wai katako ne, kowane da halinsa. Ni kuwa na fara tunanin wace jaka zan saya a Satwa in zuba kayana.

Sai Malam ya matso, da Turancinsa na Gana, ya ce, "Madam, nan na yi salla."

Ta kalle shi, ta kalli shatin, ta kalli foman da gemunsa. Na ga bakinta ya buɗe ya rufe. Ita ma baƙuwa ce a ƙasar nan kamar mu, da biza take zaune, kuma ba ta san me zai biyo baya ba in aka ji ta kai ƙarar mutum don ya yi salla a gidanta. Wataƙila ba abin da zai biyo baya. Amma ba ta so ta gwada. Wuyanta ya yi ja, ta ce ba komai, ta gode, ta shige ciki ta ja ƙofar gilashi da ɗan ƙarfi.

Ba ta sake kiran kamfaninmu ba, amma ƙorafi bai je ofis ba. Aka buga min biza. Foman ya raba mu, ya mayar da Malam wankin garejin motoci, inda ya ce ya yi lazimi har asuba in ya ga dama, siminti ba ruwansa.

Ran da na karɓo fasfona na nuna wa Malam a ɗaki. Ya juya shi ya ce, "Ka gani? Albarkar lazimi."

Na ce, "Tsoron Baturiya dai."

Ya ce, "To wa ya sa mata tsoron?"

Na hau gadona na kwanta. Gwiwata tana ciwo, ba ni da ƙarfin musu.