Zoben Mainasara

Idan ka je Riruwai ka tambayi mai jita, kowa zai nuna maka gidan Mainasara, mai shuɗiyar ƙofa a bayan tasha. Za su ce maka mutumin kirki ne, mai fara'a, ya fito da sunan garinmu. To ni kada a tambaye ni. Ni ce Furera mai waina, 'yar Sabo mai kukuma, kuma gida ɗaya muka tashi da shi. Na san shi tun yana yawo da majina a hanci, kuma abin da na sani ba irin wanda ake faɗa a bakin tasha ba ne.

Ubansa mai haƙar kuza ne, baƙo daga wajen Ningi. Wata damina rami ya rufta da shi, uwar ta koma garinsu ta yi wani aure, aka bar yaro a gidan haya ba mai cewa nawa ne. Babana ya ɗauko shi, ba dangin iya ba na baba. Innarmu ta yi ta mita cewa tuwon bai ishi na gida ba, Baba ya ce a ƙara wa miya ruwa. Ni aka ɗora wa wankinsa da wankansa. Tun a lokacin, in aka ajiye mana kwano, nama yake fara lalube, in ya samu ya cusa a kumatu ya kalle ni ido cikin ido.

Sana'ar Baba kukuma ce: 'yar ƙwarya da aka rufe da fatar guza, tsirkiya ɗaya ta gashin doki, ana goga ta. A hannun wani ƙara take yi, a hannun Baba kuwa kuka. Daga Riruwai har rugagen da ke bakin dajin Falgore, bikin da Sabo bai je ba sai a ce an yi shi a gaggauce. Yana da mutanensa, Inuwa mai kalangu da masu ƙwarya, kuma suna da ƙa'idarsu. Kafin a taɓa komai, kowa zai zo gaban Baba ya durƙusa, Baba ya miƙa masa hannu ya ce, "Allah ya ba mu sa'a." Sai ya ja kukan farko a kukuma, sannan kowa ya shigo. A wajenmu ƙarami ba ya fara miƙa wa babba hannu, jira yake yi a ba shi, in kuma an ba shi ya karɓa da hannu biyu.

An gwada koya wa Mainasara kukuma, ba shi da haƙurinta. Sai ya liƙe wa wani makanikin injin wanke kuza, mutumin Jos, mai wata tsohuwar jita. Da mutumin zai koma gida ya bar masa ita. Allah ya ba shi hannu, wannan ba zan hana shi ba, ko da yake faɗarsa ma ɗaci take mini. Dattawa suka ce wannan abin 'yan iska ne, kada Sabo ya yarda a haɗa shi da kukuma. Baba ya gyara masa wuri a kan tabarma, a gefensa na dama. Sifikar farko da ya fara jona jitarsa, tunkiyar Baba ce aka sayar aka sayo ta.

A hankali gayyata ta fara zuwa da sunan Mainasara. Shi ake kira a waya, shi ke cewa za a je ko ba za a je ba. Baba bai damu ba. Gwiwa ta fara ba shi wahala, tari ya kan katse shi a tsakiyar waƙa, shi ma ya san rana ta yi yamma. Abu ɗaya ya rage masa, kuma shi kaɗai yake so: ya zauna a wurinsa, ya ba da hannu, ya buɗe wasa. In ya ja kukan nan na farko, ko bai ƙara komai ba ya dawo gida yana murmushi, ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Sai ga zobe. Mainasara ya tafi Kano ya dawo da wani ɗan kwali, ya tara mu a gindin mangwaron tsakar gidanmu kamar wanda ya zo da tsarabar Makka. Da ma yana da wani abin takawa da ƙafa, in ya taka jitar ta riƙa yin wawa-wawa. Yanzu wai ya gaji da tsayawa wuri ɗaya kamar tela. Ya fito da wani baƙin zobe na roba, mai kauri, da wani ɗan akwati da bai kai sabulun wanka ba.

"Yaya Furera, matso ki ga duniya," in ji shi. "Wannan caji ake masa kamar waya. Akwatin shi ake jonawa a abin takawa, amma tsakaninsa da zoben babu waya ko ɗaya. Magana suke yi a iska."

"Su yi ta yi," na ce. "Ni tsintar shinkafa nake."

Amma na kalla, ƙarya ne in ce ban kalla ba. Ya zura zoben a yatsan hannun dama, wanda yake kaɗa jitar da shi. Ya danna maɓallin akwatin, wata 'yar jar fitila ta fara ƙiftawa. Ya ɗora hannun a kan tsirkiyoyi ya sandare, ko ƙuda bai kora ba. Ya ce a nan ne abin yake gane inda hannu ke hutawa, in ka motsa sai ya ɗauki wani wuri daban, sauti ya karkace. Fitilar ta koma koriya. Ya murɗa wani ɗan kunne a jikin akwatin, wai don kada ya cika jin motsi, sannan ya kaɗa tsirkiya ɗaya ya ɗaga hannu a hankali. Sautin ya bi hannun sama, ya lanƙwasa, ya sauko yana rawa. Ya girgiza yatsu, jitar ta yi sheshsheƙa.

Baba ya yi ta dariya kamar shi aka sayo wa. Don murna ya tashi ya cafke hannun Mainasara yana girgizawa, yana cewa, "Kai, yaron nan! Allah ya yi maka albarka!" Sifika ta kwarma wani ihu, kaji suka watse. Mainasara ya fizge hannunsa.

"Haba Baba! Ka ɓata mini saiti!"

Ya sake danna maɓallin, ya sake sandarewa, kafin in tsince tafin shinkafa fitila ta koma koriya. Ku riƙe wannan, don shi ne ya hana ni yafe masa: gyaran ba ya ɗaukar komai. Da Baba ya shiga ɗaki, na ji Mainasara yana ce wa Inuwa ƙasa-ƙasa, "Wannan ya fi kukuma kuka. Kuma ba ya tari." Na kai wa Baba maganar da zafinta. Ya ce, "Furera, ke dai kin cika neman faɗa. Yaro ne, ɗoki ne."

Yaron da ya ajiye mata da 'ya'ya, wai yaro.

Ranar da abin ya faru, Alhaji Badamasi dillalin masara ne yake aurar da ɗansa. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, gari ya taru, har mutanen Doguwa sun zo. Na kafa tandata a gefe, inda nake ganin komai. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a wurinsa da kukuma a cinya. Inuwa ya zo ya durƙusa ya karɓi hannu, masu ƙwarya suka biyo baya. Saura Mainasara. Shi kuwa janareto ya ɗauke masa ya dawo, sai ya sake haɗa zobensa da akwati. Yana tsaye a tsakiyar fili da jita a wuya, ya danna maɓalli, jar fitila tana ƙiftawa.

Baba ya jira. Da ya ga jama'a sun fara kallon-kallo, sai ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ya ajiye kukuma, ya dafa ƙasa, ya miƙe da gwiwar nan tasa, ya taka har gaban yaron da ya tashi a hannunsa, ya miƙa masa hannu. So yake ya rufa masa asiri, kada a ce bai zo gaisuwa ba.

Mainasara ko kallonsa bai yi ba, idonsa na kan fitila. Ga abin magana a buɗe a gaban bakinsa, don haka har na bayan fili sun ji.

"Bari Baba, kada ka ɓata mini saiti."

Hannun Baba ya tsaya a iska. Wata tsohuwa kusa da ni ta yi salati. Ina jira fitilar ta koma koriya ya saki jita ya durƙusa, sai mu ce kuskure ne. Ta koma koriya. Ya daki tsirkiyoyi, ya ɗaga hannun nan mai zobe sama, ya buɗe wasa da kansa, tsohon yana tsaye a gabansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, kukan ya yi daɗi. Da ma a ce sifika ta fashe, ko zoben ya mutu, da na ji sanyi. Ina! Samari suka yi ihu suka cika fili, ana ɗaga wayoyi ana ɗaukar sa. Baba ya goge tafinsa a jikin riga, ya koma ya ɗauki kukumarsa, ya ratsa ta cikin mutane ya nufi gida. Ni kuwa wainar da ke kan tanda ta ƙone ƙurmus ban juya ta ba.

Baba ya rataye kukuma a ƙusa a bayan ƙofar ɗakinsa. Bai zagi kowa ba, ni na yi zagin a madadinsa, kuma na yi mai isa. Ya samo rama ya koma tufkar igiya yana sayar wa Fulani ranar kasuwa. Tuwon da yake neman ƙari, yanzu sai na tsaya a kansa yake taɓawa. Mainasara kuwa sunansa ya kai Tudun Wada, ya kai Kiru. Ya aiko da buhun shinkafa ta hannun matarsa, shi bai zo ba. Na ce ta mayar, Baba ya ce a bar yara su ci.

Bayan kaka sai ga shi. Labari ya riga shi zuwa: Ardo Mu'azu na bakin Falgore zai yi babban biki, ya kuma ce shi Sabo ya buɗe bikin aurensa, Sabo zai buɗe na ɗansa, in ba haka ba a bar kiɗan. Da hantsi Mainasara ya yi sallama, Baba na gindin mangwaro da igiya a ɗaure a babban yatsan ƙafa, yana murzawa da tafi biyu. Na lura ya cire zoben, sai shatinsa a yatsa. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Mainasara. Ina gajiya? Ya iyali? Ya yaran?"

Babu gaisuwar da Baba bai amsa ba, babu wadda bai mayar ba. Amma tafinsa bai bar ramar ba. Mainasara ya ɗan ɗago hannuwansa biyu a kan gwiwa, a buɗe, yana jira. Ba shi da ikon fara miƙawa, ya sani, mu ma mun sani.

"Baba, wurinka yana nan a kan tabarma. Ba wanda ya zauna. Na zo ne ka buɗe mana na Ardo."

"Ka gaishe da Ardo. Ka ce masa gwiwa ta hana."

"Baba, ko hannu ne ka ba ni."

Baba ya ɗago ya dube shi, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Bari, ɗana. Kada in ɓata saiti."

Ya daɗe a durƙushe. Ban ba shi tabarma ba, ban ba shi ruwa ba, kuma ko yau aka sake ba zan ba shi ba. Daga baya ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya fita. A zuciyata na ce madalla, yau an rama.

Na juyo in ga ko Baba ya ji daɗin da na ji. Igiyar ta warware a hannunsa, yana ta murza abin da ba ya kamawa. Idonsa na kan ƙofar ɗakinsa, inda kukuma take a rataye, tsirkiyarta ta saki.

"Furera, ke kin tsaya ran bikin nan har ƙarshe," ya ce. "Abin nan na hannunsa, da gaske ya fi tawa kuka?"

"Ko kusa, Baba. Ƙarar banza ce kawai."

Ya gyaɗa kai, ya tattara ramar a cinyarsa.

"Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba," in ji shi.