Magogin Goron Baba

Shekarun baya, a shekarar nan ta farkon saba'in da fari ya ƙone gonaki, surukina ya zo ya zauna da mu a Gyaɗi-Gyaɗi. Ba da son ransa ya zo ba. Geronsa ya bushe tun bai fitar da kai ba, mahaifiyar maigidana kuma ta riga ta rasu, sai maigidan ya je ƙauye ya yi ta roƙo har ya taho da shi. Muka gyara masa shagon da ke jikin zaure. Lokacin unguwar ba ta cika ba, in ka tsaya a ƙofar gida kana hango gonaki ta wajen Tarauni, su ma duk a ƙone.

Ni kuwa amarya ce 'yar sakandare, kaina cike da abin da aka koya mana a ajin girki. Na ƙudurta a raina Baba zai ga gata. Tuwo? Ai ya gaji da shi a ƙauye. Sai na shiga yi masa shinkafa mai warwara, da soyayyiyar doya, da nama a soye ƙamas. Kwano ya tafi a cike, ya dawo an ɗan taɓa gefe. In na ga haka sai in ce ƙoƙarina ne ya gaza, gobe in ƙara nama. Kajin maƙwabta dai sun yi ta ƙiba a bayan tagar shagon, ban kawo komai a raina ba.

Ba kuma halin in tambaye shi. Tsakanina da shi sai gaisuwa, ina durƙushe a bayan labule. Maigidana kuwa ɗan fari ne, ko sunansa Baba ba ya faɗa, balle su zauna hira. Haka muka zura ido tsoho yana ramewa.

Ana gab da Babbar Sallah maigida ya shigo jiki a sanyaye, ya ce, "Baba ya ce in an ci Sallah zai koma."

Na ce, "Ya koma ya tarar da me?"

"Abin da na faɗa masa ke nan. Rumbu ko zangarniya babu. Ya ce abincin birni bai karɓe shi ba."

Bai ce laifina ne ba, Allah ya sani. Amma ya daɗe yana kallon tukunyar da ke kan murhu.

Al'adar gidanmu, washegarin Sallah abokan maigida suna zuwa. Su zauna a zaure, a fara kai musu tiren kayan taɓawa kafin tuwo ya sauka, kuma babban da ke wurin shi ke fara sa hannu. Sai na ce to, wannan tiren shi ne damata ta ƙarshe. Na yi cincin, na yi dubulan, na yi alkaki, na cika languna na rufe. Saura soyen nama kawai.

Ranar Sallah da safe maza suka tafi idi, na ɗauki tsintsiya na shiga share shagon Baba. Ina ɗaga tabarma sai ga murfin gwangwanin madara, an huhhuda shi da ƙusa, bakin hudar duk ya yi ja. Na san shi, don kakata tana da irinsa. Magogin goro ne. Ba mai goga goro sai wanda ba shi da abin tauna shi. Haƙoran Baba na gaba suna nan fes, shi ya sa ba wanda ya lura. Ashe turamen ne suka zube.

Na zauna daɓas a ƙasa da tsintsiya a hannu. Doyar nan ta faɗo min a rai, da naman nan da nake ta ƙara masa suya. Sannan na tuna gobe. Za a ajiye tire a gabansa, samari sun kewaye shi, a ce "Baba, bismillah." In ya ƙi, a ce ya raina abincin gidan ɗansa. In ya ɗauka, kowa ya ga abin da ya yi watanni yana ɓoyewa. Mutumin da gona ta riga ta kunyata shi, ga shi yana cin na ɗansa, yanzu kuma bakinsa.

Na mayar da magogin daidai inda na same shi. Na so in gaya wa maigida, na fasa. Abin da dattijo ya ɓoye a ƙarƙashin tabarmarsa ba nawa ba ne da zan kai wa wani, ko da ɗansa ne. Na kuma yi tunanin in ware masa nasa ɗan kwano mai laushi, sai na ga wannan ai shela ce. Hanya ɗaya ta rage: kowa ya ci abin da Baba zai iya ci.

Na ɗauki langunan nan na miƙa wa maƙwabciyata ta kan katanga. 'Yar kudu ce, Kirista, ita ta gyara min hannu a cincin tun ina sabuwar zuwa. Ta buɗe ta ce, "Amarya, duka? Baƙinku fa, iska za su ci?"

Na ce, "Mama, ki dai raba wa yara."

Ta kalle ni, ta ce, "Ke kika sani," ta karɓa.

Da yamma na daka nakiya, na wadata ta da man shanu har tana narkewa a harshe. Washegari da aka sauke rago aka yanyanka, na zaɓi cinya na dafa da albasa da citta da kanumfari har tana zarewa da kanta, na kirɓa a turmi, na ɗan soya dambun sama-sama, ban bari ya bushe ba. Na dafa hanta luguf. Na jiƙa dabino na cire ƙwallon, na yanka gwanda nunanniya, na ɓare dafaffen ƙwai. Na jera su a babban tirena mai zanen furanni, dambu a tsakiya, sauran a kewaye.

Maigida ya zo ɗauka, ya tsaya turus. "Ina cincin ɗin? Ina soyen? Na fa cika musu baki."

Na ce, "Ka dai kai musu."

"Dambu, ranar suya?"

"Don Allah ka kai."

Ya ɗauka yana girgiza kai. Ni kuwa na laɓe a jikin bangon zaure, ludayin miya a hannuna.

Cikin abokan akwai wani direban babbar mota daga Unguwa Uku, mai murya kamar ƙahon motarsa, kuma abokin wasana ne. Ana buɗe tire ya ɗaga murya: "Ke 'yar boko! Mu da muka wasa haƙora tun jiya, sai ki aiko mana abincin yaye?"

Zaure ya ɗauki dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, don ya ambaci haƙora. Na ce a raina, ya Allah, ka rufa wa bawanka asiri.

Sai na ji wani ya ce, "Baba, bismillah, a sa mana albarka."

Na kasa kunne, ina jin miyata tana tafasa daga nesa. Can aka shiga ci ana hira. Jim kaɗan sai ga muryar Baba, a hankali: "Miƙo min na gefenka ɗin nan."

Tun zuwansa ban taɓa jin ya nemi ƙari ba.

Direba ya ce, "Haba Baba, a rage mana mana!"

Baba ya ce, "Kai da ka ce na yaye ne? Jira tuwo."

Dariyar da aka yi wannan karon har da tasa a ciki. Tire ya dawo tas. Maigida ya ce, "Ikon Allah, Baba ne fa ya ci fiye da kowa." Na juya wajen murhu ina gyara itace, don hayaƙi ya ɗauki alhakin idona.

Daga ranar na koma tuwo da miyar kuka, nama kuwa sai na kirɓa. Sallah ta wuce, ba wanda ya ta da zancen tafiya. Da maigida ya gwada tambaya, Baba ya ce, "Bari dai ruwa ya sauka mu gani." Ruwa ya sauka, sai ya nemi ɗan fili ta wajen Darmanawa ya shuka gyaɗa. Bai koma ba har Allah ya karɓi abinsa.

Sharar da na shiga yi bayan Sallar nan, ban sami magogin a ƙarƙashin tabarma ba. Yana kan taga, a fili, ga farin goro guda ɗaya a kan ganye a gefensa. Na gane nawa ne. Na ɗauka na ƙulle a bakin zani. Ni da shi ba mu taɓa yin maganar ba, ko da kalma ɗaya.

Yanzu jikokina suna jera tire kamar zanen lalle, har su ɗauki hoto kafin a taɓa. Yana ba ni sha'awa. Ni dai kafin in ɗora tukunya nakan tambaya: su wa za su zo? Don na ga yadda mutum zai yi ta karramawa da iyakar zuciyarsa, wanda ake karramawar yana kwana da yunwa. Har yau tirena ba ya rasa abu mai laushi, kuma ba na faɗin don wa na sa.

Maigida bai san labarin ba sai da nasa turamen suka fara zubewa. Wata rana na gan shi yana jujjuya goro a hannu ya kasa ci. Na buɗe tsohuwar kwallata na ɗauko murfin nan da na adana tun rasuwar Baba, ya yi tsatsa, na ajiye masa a tafin hannu.

Ya ce, "Na wane ne?"

Na ce, "Na Baba."

Ya daɗe yana shafa hudar da ɗan yatsa. Can ya ce, "Dambun nan na ranar suya."

Na ce, "Shi."

Sai ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a, na shafa tare da shi.